Yawon Buɗe Ido a Daji da Kan Ruwa: A Fara da Lissafin Dawowa

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu na birnin Lafiya da kewaye, da na Doma, Obi, Keana, Awe, Nasarawa Eggon, Akwanga da Wamba, har da waɗanda muryarmu ke isar wa a ƙetaren Binuwai, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa.

Yau maganar yawon buɗe ido za mu yi, irin wanda ake shiga daji, a hau dutse, a tsallaka rafi, ko a shiga kwalekwale. A 'yan shekarun nan abin ya samu karɓuwa a wajenmu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya da na sauran manyan makarantu kan haɗa kuɗi su ɗauki bas. Makarantun sakandare na shirya ziyarar ilimi a ƙarshen zango. Ƙungiyoyin matasa na fita da hutun Sallah ko na Kirsimeti, kowa ya dawo ya cika Facebook da hotuna. Abu ne mai kyau, domin gani ya kori ji, kuma abin kunya ne yaro ya girma a Nasarawa bai san abin da Allah ya ajiye a jiharsa ba. Sai dai idan ka saurari masu shirin tafiya, tambaya biyu za ka ji suna yi: nawa ne kuɗin, kuma me za mu gani? Akwai ta uku da ta fi su nauyi, ita ce kuma ake mantawa: ƙarfe nawa za mu dawo, ta wace hanya, a hannun wa?

Bari mu fara leƙa waje, wurin waɗanda suka daɗe a wannan sana'a. A Turai da Amurka akwai manyan jiragen ruwa waɗanda aikinsu kawai shawagi da masu hutu. Ɗaya daga cikin mafi girmansu, Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Jirgi irin wannan yakan kwana yana tafiya, da safe ya yada zango a wata tasha, fasinja su sauka su wuni a tudu, da yamma su koma ya ɗaga. Wunin nan na tudu shi ake sayar musu kashi-kashi. Wannan zagayen gari ne cikin bas mai sanyi, wancan shiga kurmi ne a ƙafa, wani kuma bin kogi a ƙaramin jirgi. Wasu jiragen ma suna biyowa ta gaɓar Afirka ta Yamma. In sun tsaya a Takoradi ta ƙasar Ghana, akan kai mutane dajin Kakum, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya da katako a ƙoƙuwar itatuwa, mutum na tafiya yana hango ƙasa can ƙarƙashinsa. In Kwatano ce, akan kai su Ganvie, garin da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafki.

Fasinja na da zaɓi biyu. Ko ya sayi fitar a hannun kamfanin jirgin, ko ya sauka ya nemi ɗan jagora da kansa a bakin tasha. Na kamfani ya fi tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba, amma mutane na saye saboda alkawari guda: in motar da kamfani ya shirya ta makara, jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutum tasha ta gaba. Wanda kuwa ya tafi da nasa ɗan jagoran, in taya ta fashe masa a daji, babu ruwan jirgi. Lokaci na cika zai busa ƙaho ya ɗaga, a bar mutum a baƙuwar ƙasa daga shi sai kayan jikinsa. Shi ya sa gogaggun matafiya kan fara lissafinsu daga lokacin tashin jirgi, su yi ta komowa baya. Su cire awannin hanya, su cire awa ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, abin da ya rage shi ne na kallo. In bai isa ba, sai su canja wuri.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka saya da tsada a hannun babban kamfani ya zama amintacce. Ranar 9 ga Disambar 2019, a ƙasar Niyu Zilan, wani dutse mai aman wuta da ke tsibirin Whakaari ya fashe alhali mutum 47 na kan tsibirin. Yawancinsu fasinjojin jirgin Ovation of the Seas ne da suka sayi fitar wuni ɗaya. Mutum 22 suka rasu, da yawa cikin sauran suka yi mummunar ƙuna. Makonni kaɗan kafin ranar masana sun ɗaga matakin gargaɗi a kan dutsen, daga baya kuma wasu da suka tsira sun shaida wa kotu cewa ba a fayyace musu girman haɗarin ba. Saboda haka, ko wane ne ya shirya tafiya, haƙƙinka ne ka tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe: mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa a can, kuma me kuka tanada? Wanda ya ji haushin wannan tambaya, ko ya amsa da “Allah zai kiyaye” kaɗai, bai shirya ba. Allah zai kiyaye, gaskiya ne, amma shi ma mai shirin da nasa aikin.

To, mu a Nasarawa ba mu da teku, babu jirgin da zai busa mana ƙaho. Abin da ke tafiya ya bar mu a daji shi ne rana. A yankinmu tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura kwata, gwargwadon watan da ake ciki, kuma a cikin kurmi ko ƙarƙashin tsauni duhu kan riga haka sauka.

Mu ɗauki Farin Ruwa, tunda ita ce sunan da kowa ke fara ambata. Tana ƙaramar hukumar Wamba, dab da iyakarmu da Jihar Filato. Ruwan daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya zubo daga tsayin kimanin mita 150, faɗinsa kuma kimanin mita 50. Mutanenmu na son cewa ta fi ta Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsayi, kuma haka ne, waccan mita 108 ce. Sai dai a faɗi a cika: faɗin waccan ya haura mita 1,700, don haka alfaharin ya tsaya a kan tsayi. Ko ba a gwada ta da kowa ba, Farin Ruwa abin kallo ce. Tun daga nesa ake hango farin zubowarta a jikin baƙin dutse, ana kuma jin rugumniyarta kafin a iso.

Daga Lafiya tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ta Nasarawa Eggon, Akwanga, sannan Wamba. Har Akwanga tagwayen hanya ce, mota na gudu, kuma nan ne lissafin mutane ke fara ɓaci. Sai a ɗauka sauran tafiyar ma haka take. Alhali ɗan guntun ƙarshen nan, inda aka bar kwalta aka shiga hanyar ƙasa, aka tsallaka rafuka, daga bisani aka ajiye mota aka taka da ƙafa, shi ne ke cin lokaci da ƙarfi. Bas mai ɗaukar mutum goma sha takwas da ta yi ta fafarawa a kan kwalta, tana shiga laka sai ta zama kaya. Mai shirya tafiya ya tambayi direbobin tashar Wamba da 'yan acaɓan yankin halin da hanyar ke ciki a wannan makon. Labarin wanda ya je bara, ko ma watan jiya, ya riga ya tsufa.

Sai zaɓen lokaci, kuma nan akwai ciniki. A tsakiyar damina, wajen Agusta da Satumba, ruwan ya fi cika ya fi kyau, hanya kuma ta fi muni, rafuka sun fi haɗari. Da bazara, Maris zuwa Afrilu, hanya a bushe take, amma ruwan ya ragu ƙwarai, ga zafi mai sa jiri. A ganina, ga ɗalibai da iyali, babu kamar kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ruwa bai gama janyewa ba, ƙasa ta fara tsanewa, sama kuma ta daina ba da mamaki.

Maganar mamakin sama, ku saurara da kyau, domin ita ce ta fi yaudarar baƙo. Kana tsaye a gindin dutse, rana tarwal, babu ko ɗigon hadari a kanka, amma can saman Filato ana sheƙa ruwa. Duk ruwan nan kwarin da kake ciki zai biyo. Rafin da kuka tsallaka da safe iya idon sawu, da la'asar sai ku tarar da shi iya ƙirji. Yana da alamu. Ruwa ya canja launi ya koma ja ko ruwan ƙasa, ya fara kawo ganye da karare, ƙararsa ta ƙaru. Da an ga haka a hau tudu, a daina maganar tsallakawa, ko da mota na hango ku daga wancan gefen. Gara a kwana a ƙauye a ji kunya. Duwatsun gindin ruwan kuma kullum a jiƙe suke da feshi, gansakuka ta lulluɓe su, santsi ne zalla. Silifa ba takalmin wurin ba ne. A sa kambas mai riƙo. Mai son hoto ya tsaya inda ƙafarsa ta kafu, ya bar ja da baya yana kallon waya. Wanka a kududdufin da ruwa ke faɗawa kuwa, a haƙura. Ruwan da ya faɗo daga wannan tsayi yana juyawa a ƙasa, yana danna abin da ya kama.

Abin da nake ba kowace tawaga shawara shi ne ta tsayar da lokacin juyawa tun ana cikin mota a Lafiya, a faɗa kowa ya ji. A ce, misali, ƙarfe biyu na rana za mu juyo, ko mun isa ko ba mu isa ba, domin la'asar ta same mu a kan kwalta. In an bar shi sai an je can, ba za a yi ba. Kowa zai ce saura kaɗan, saura hoto ɗaya.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan yadda ake zaɓen yawon buɗe ido na daji da na kan ruwa.

Ba dole ne kowa ya je Farin Ruwa ba. Tawagar da ke da dattawa da ƙananan yara, madatsar ruwa ta Doma na nan kusa, a je a dawo da rana tsaka. Ko a nufi Keana, ƙasar Alago, a ga yadda mata ke tace ruwan gishiri su dafa shi a tukwane, sana'ar da garin ya shahara da ita tun kaka da kakanni, har ake yi mata bikin Oyarore. Yaro zai koyi abin da ba zai manta ba, babu kuma wanda zai zame. Tsaunukan Eggon na masu ƙarfin gwiwa ne, a fara hawa da sanyin safiya, a tuna kuma saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Mai son ainihin daji da namunsa kuwa, wuri mafi kusa da mu shi ne Pandam, a kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, da an shiga ƙaramar hukumar Qua'an Pan ta Jihar Filato. An keɓe dajin a 1972, a 2008 kuma aka sa tafkinsa cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. An san tafkin da dorina da kada da ayu, dajin kuma da birai da tsuntsaye iri-iri. Farauta ba bisa ƙa'ida ba da saran itace sun rage namun, don haka kada wanda ya ga dajin Yankari a talabijin ya je yana jiran garken giwaye. Wanda ya yi muku alkawarin lalle za ku ga kaza da kaza, ciniki yake yi. Naman daji ba ya karɓar gayyata. Game da dorina, kada girmanta da alamar kasalarta su ruɗe ku. Tana kifar da kwalekwale, a tudu ma ta fi mutum gudu. Da dare take fita kiwo, da asuba ta koma ruwa, kuma babu wuri mafi haɗari irin tsayawa tsakaninta da ruwan, balle in tana da ɗa. Wannan gargaɗi ya shafi duk wani tafki da mutanen wurin suka ce akwai ta, a ƙasar Awe ne ko a wani wuri.

Duk inda kuka zaɓa, sai da ɗan gari akan ci gari. Ku fara da gaida dagaci ko mai unguwa, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da ɗan rakiya wanda gari ya san shi ya san gidansu. Ya fi saurayin da ya tare ku a bakin hanya ya ce ya san ko'ina. Ɗan rakiya na gari shi ya san mashigin rafi, ya san inda zuma ta yi saƙa, ya san kuma wuraren al'ada da ba a yarda baƙo ya taka ko ya ɗauki hoto ba. Tsaunuka da tafkunanmu da yawa na da irin waɗannan wurare, girmama su kuma ba ya rage wa kowa addininsa. A yi cinikin ladansa tun farko, a biya shi da daraja. Mutumin da ranku ke hannunsa ba wurin nuna iya ciniki ba ne.

Ba za mu ɓoye maganar tsaro ba. Kowa ya san akwai garkuwa da mutane a wasu dazuzzukan yankin nan, akwai kuma wuraren da rikicin manoma da makiyaya kan tashi ya kwanta. Kafin ranar tafiya a tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankin, a ji ta bakin 'yan banga da mafarauta. In suka ce a dakata, a dakata, ko da an riga an biya kuɗin mota. Matasa kuma, don Allah, ku daina sanar da duniya a intanet cewa gobe ƙarfe kaza mu talatin za mu bi hanya kaza. Ku ajiye hotunan sai kun dawo gida. Wanda ya kamata ya san hanya da lokaci shi ne mutum ɗaya ko biyu a gida, a bar musu sunayen matafiya da lambar mota da lambar direba, a kuma gaya musu: in ƙarfe kaza ta yi ba ku ji mu ba, ga wanda za ku kira. Sabis na waya kan ɗauke a cikin kwari, don haka wannan yarjejeniya tun a gida ake ƙulla ta.

Yanzu mu gangara kogi. Binuwai, wanda ya taso daga ƙasar Kamaru ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Neja a Lokoja, shi ne ya shata yawancin iyakarmu ta kudu, daga Tunga a ƙasar Awe, zuwa Loko, har Umaisha a ƙasar Toto. Shawagi a kansa da sanyin safiya daɗi ne da ba a kwatantawa. Sai dai kogin ba shi da fuska ɗaya. Da rani tudun yashi da kututture ke jiran jirgi. Da damina kuwa, musamman in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, yakan tumbatsa ya shafe gaɓa, kamar yadda garuruwan bakin kogi suka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. In hukumomi sun yi shelar za a saki ruwa, wannan ba makon shaƙatawa a kan kogi ba ne.

Mun sha jin labarin kifewar jirage har ya kusa zame mana jiki. Ranar 30 ga Nuwambar 2021, a Bagwai ta Jihar Kano, jirgi ya kife da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla rai 29. A watan Yunin 2023, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya ji ƙansu. In ka bi irin waɗannan labarai, dalilan ba sa canjawa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, rashin rigar ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto. Amma jami'inta ba zai kasance a kowane mashigi ba, don haka dole fasinja ya zama mai duba wa kansa.

Kafin ka sa ƙafa, dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi. In ba ta wuce taƙi ɗaya ba, sauka ka jira na gaba. Dubi cikinsa: in tun ba a tashi ba wani yaro na ta kwarfar ruwa, jirgin na yoyo. In mai inji ne, tambayi ko akwai filafili da gora, saboda inji kan mutu a tsakiyar kogi. Rigar ceto kuma a jiki take aiki, a ɗaure, ba a kan cinya ba, ta manya kuma ba ta riƙe yaro, zamewa yake yi ta ƙasa. Tawagar da za ta shiga ruwa ta tabbatar da adadin rigunan tun kafin ranar, in babu ta yi haya ko ta sauya shiri. Iyayenmu mata da 'yan'uwa mata, dogon hijabi da zani in sun sha ruwa nauyi suke yi, suna kuma naɗe ƙafa, haka ma babbar riga. Wannan ƙarin dalili ne na ɗaura rigar ceto a kansu, ba tare da jin nauyin kowa ba. Kada a miƙe tsaye, kada kowa ya karkata gefe guda don an ce ga kada can. Wanda kuma ya iya iyo a kududdufin unguwa kada ya ce ya iya Binuwai.

Sai abin da ke cikin ciyawa. Kwarin Binuwai na cikin yankunan da saran maciji ya fi yawa a ƙasar nan, musamman kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Mutum kan ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi ko ta ciki. Rigakafin mai sauƙi ne: takalmi rufaffe, dogon wando, sanda a hannu, tocila in duhu ya yi, kada kuma a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci kan baƙin dutse ko jiƙo. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti. Allurar kashe dafi ita ce maganin, ba kuma kowane asibiti ke da ita ba. An san Kaltungo ta Jihar Gombe da Zamko ta ƙasar Langtang da wannan aiki, amma mai shirya tafiya ya binciki asibiti mafi kusa da inda za shi wanda ke da allurar, tun kafin a tashi.

Ruwan tafki da ke kwance kuma yana ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta huda fata. Wanda ya yi wanka a irin wannan ruwa, bayan makonni ya ga jini a fitsari, ya je asibiti ya faɗi inda ya shiga, maganinta na nan. Akwai labari mai daɗi a wannan fanni: cutar makanta da baƙin ƙudan rafi ke yaɗawa, wadda ta daɗe tana addabar ƙauyukan bakin ruwa, an katse yaɗuwarta a Nasarawa da Filato, har aka daina rabon maganin Mectizan saboda ita a 2018. Sauro dai yana nan, wanda zai kwana ya tafi da gidan sauronsa. Ruwan sha a ɗauka daga gida, fiye da yadda ake zaton za a buƙata, tare da 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis. Naman ɓera da na gafiya da akan tallata a hanya, a bar shi, domin zazzaɓin Lassa ya fi tashi da rani, daidai lokacin da aka fi fita yawo.

Abu na ƙarshe da ke yanke hukuncin inda za a je shi ne mafi rauni a cikin tawaga. In akwai mai asma, mai hawan jini, mai ciwon sukari, ko mai juna biyu, da su za a auna tafiyar. Ina jaddada masu sikila, domin suna da yawa a makarantunmu, kuma sau da yawa yaro kan ɓoye don kada a bar shi a baya. Gajiya mai tsanani, ƙishirwa, da jiƙewa da ruwan sanyi, duk suna tayar da ciwon, ga shi kuwa su ne abubuwan da hawan dutse da feshin ruwa ke haɗawa. A tambayi kowa a keɓe, a tafi da magungunansa, a kuma ajiye babba guda a ƙarshen layi wanda ba zai bari kowa ya zama na bayansa ba. A ƙirga mutane in za a shiga daji, a ƙirga in an fito, a sake ƙirgawa a cikin mota. Ledoji da robobin da aka shiga da su kuma a fito da su, domin mutanen ƙauyen daga rafin nan suke sha.

Kirana na musamman ga shugabannin makarantu da iyaye ne. Malam, kafin ka tara kuɗin yara, ka je wurin da ƙafarka, ko ka aiki malami ya gano hanya ya gana da dagaci. Iyaye kuma, in an kawo muku takardar neman izini, kada ku sa hannu sai kun ga an rubuta sunan wurin, sunan malamin da zai jagoranta da lambar wayarsa, yawan manyan da za su raka yaran, ko za a shiga ruwa, da lokacin da mota za ta dawo Lafiya. In ba a rubuta ba, ku mayar da takardar a cike.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)